Baba Biyu a Gida Ɗaya

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka ji. Ba a gabana ake faɗa ba, amma ina da kunne. An ce muku akwai shekarar da ubanku ya rubuto takarda ya ce ya rabu da mahaifinsa, wai boko ta hau masa kai. Goggonku Hanne, Allah ya ji ƙanta, ta sha gyara maganar nan a gidan biki da gidan suna har bakinta ya gaji, amma kun san mutane, rabin farko suke riƙewa, rabin ƙarshen ba ya yi musu daɗin maimaitawa. To yanzu da gwiwa ta hana ni yawo, likita kuma ya hana ni gishiri da faɗa, bari in zauna in gaya muku yadda aka yi. Takardar gaskiya ce, da hannuna na rubuta ta, tana nan cikin akwatina. Laifi kuwa ina da shi, sai dai ba wanda aka ɗora mini ba ne.

Kakanku, Malam Isiyaku, marini ne a Ƙanƙara. Rijiyar rininsa tana karofi, wato wurin marina na bayan gari, ta kakansa ce, kuma tun da na buɗe ido ban taɓa ganin ainihin launin hannunsa ba, shuɗi ne har gwiwar hannu, ko ranar Sallah. Mutum ne marar yawan magana, amma in ya ɗanɗana ruwan rini da harshe zai gaya maka ko saura kwana nawa ya nuna. Mahaifiyarmu ta rasu ina ƙarami, Yaya Hanne ce ta goya ni, ita ta yi mini wanka, ita ta yi mini duka. A gidanmu akwai wata al'ada da sai kun gane ta kafin ku gane sauran labarin. Tsiron da ake rini da shi sunansa baba. Mu kuma Baba muke ce wa mahaifinmu. A baki ba ɗaya ba ne: na rini murya a sama take tafiya, a ja ta, na mahaifi kuwa murya sauka take yi tukuna ta ɗago. Duk da haka Hanne ta ce rashin kunya ne yaro ya tsaya gaban ubansa yana cewa a daka baba, a jiƙa baba, baba ya ruɓe. Saboda haka a gidanmu ba mai kiran tsiron nan da sunansa. Ganye muke cewa. Na taɓa mantawa sau ɗaya ina ɗan shekara bakwai, kunnena na hagu bai manta ba har yau.

Abin da ya kashe karofi shi ne galura, rinin masana'anta da ake sayarwa a gwangwani. Mace ta tafasa ruwa a tukunya, ta zuba cokali biyu, kafin azahar zanenta ya rinu, ja ko kore ko duk launin da ta ga dama. Wa zai jira rijiya ta yi mako tana nuna? Marina suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma gona, wasu kasuwa. Baba shi kaɗai ya rage. Ya tsani galura tsana mai tsanani, ko sunanta ba ya faɗa, sai ya ce “abin gwangwanin nan”. Da na gama digirin farko a fannin kimiyya, zatonsa zan dawo in kama koyarwa a nan kusa, in riƙa taya shi da yamma, rijiyar kakansa ta samu mai ita. Ni kuma aka ba ni gurbin ƙaro karatu. Muka yi sa-in-sa a zaure, irin wadda ban taɓa yi da shi ba. Ni da zafin kai, kun san ni, ba yau na fara ba.

“Baba, sana'ar nan ta mutu, kai kaɗai ne ba ka je jana'izarta ba.”

Ya dubi hannuwansa, ya tashi ya ɗauki muciyarsa ya nufi karofi. Wallahi tun kafin ya kai bakin ƙofa na yi nadama, amma ban bi shi ba.

Nadamar nan ce ta zaɓar mini aikin bincikena. Bari in gaya muku shi a sauƙaƙe, don na san cikinku ba wanda ya gaji kaina a nan, duk kun gudu zuwa lissafin kasuwa da aikin asibiti. Wayar tagulla wutar lantarki na bi ta cikinta ba shamaki. Roba ba ta bari sam. To akwai wasu abubuwa a tsakani, suna barin kaɗan ta wuce, in kuma suka ji ɗumi ko haske ya taɓa su sai su ƙara buɗe hanya, alhali ita tagulla in ta yi zafi ragewa take yi. Da irin waɗannan ake yin cikin rediyo da faifan sola da wayoyin nan da ba ku ajiyewa ko ana cin abinci. A lokacin an fara gane cewa wasu nau'o'in rini ma haka halinsu yake. Yadda muke gwadawa shi ne a niƙa rinin ya zama gari, a matse shi da inji ya koma kamar ƙwayar magani, a shafa masa ruwan azurfa gefe da gefe, a liƙa waya, a saka shi cikin ɗan murhun lantarki ana ƙara zafi a hankali ana duban allurar mita. Malamina, wani farfesa dattijo mai haƙuri, ya ce in ɗauki galura kamar kowa. Na ce a'a, rinin gidanmu zan auna. A zuciyata so nake wata rana in durƙusa gaban Baba in ce masa, ga abin da ganyenka zai iya, wanda ko Turawa ba su gama sani ba. Da haka nake so in janye maganar jana'izar nan.

Hanne tana aure a Faskari a lokacin. Ita na roƙa ta riƙa samo mini ganye, ba tare da Baba ya sani ba, don ina so abin ya zo masa ba zato. Baiwar Allah ta ɗauki abin da gaske. Yau ta aika Mabai, gobe 'Yargoje, wani lokaci har wajen wata tsohuwa a Sabuwa, ta shanya ta ɗaure a buhu, ta haɗa da ƙuli-ƙuli da yaji, ta ba Ɗanjuma direba, wanda ke jigilar fasinja tsakanin garinmu da birnin da nake karatu, yana bi ta Faskari. Shekara biyu ina jiƙawa ina tacewa ina matsewa. Kai, na sha wuya! Yau allura ta tashi, in yi ta murna, gobe in saka wata ƙwayar ta ƙi motsi kamar an ɗaure ta, jibi ta yi tsalle ta wuce hankali. Ba awo biyu da suka taɓa yin daidai da juna. Ranar nan malamina ya rufe littafina ya dafa kafaɗata.

“Sule, lokaci yana tafiya. Ka bar baba. Galura tsabtatacciya ce, abin da ka auna yau shi za ka auna gobe. In kana son ka gama, ka manta da baba.”

Shi mutumin Kano ne, da sunansa yake kiran tsiron, duk ɗakin gwajin ma haka, ni ma bakina ya saba ban ankara ba. Na ɗauki galura ina jin kamar na ci amana. Cikin mako uku allura ta yi abin da ta ƙi yi mini shekara biyu: in an ƙara zafi ta hau, in an rage ta sauka, kullum a gurbi ɗaya. Na yi murna, na kuma ji kunya, duka biyun a lokaci guda. Sai na tuna Hanne tana can tana yawon neman ganye a banza. Na yagi takarda a tsaye, da tsakar rana, Ɗanjuma yana ta matsa hon a tasha, na rubuta mata. Ga abin da na rubuta, ban sauya ko harafi ba:

“Yaya Hanne, bayan gaisuwa. Daga yau kada ki ƙara wahalar da kanki saboda baba. Ni na rabu da baba. Shekara biyu ina fama da baba ban samu komai ba sai ɓacin rai. Malamina ya ce in ina son in ci gaba sai na manta da baba, kuma na ga gaskiyarsa. Naki, Sule.”

Abu uku ne ban yi tunaninsu ba. Hanne ba ta karatun boko, maƙwabcinta Malam Lawal, tsohon malamin gona da ya yi aiki a Daudawa, shi ke karanta mata wasiƙa da ƙarfi. Takarda kuma ba ta ɗaukar murya, baba da Baba duk haruffa huɗu ne. Na ukun shi ne mafi muni: a makon nan ciwon ƙirji ya kama Baba, Hanne ta ɗauko shi daga Ƙanƙara tana jinyarsa a gidanta. Da aka ce ga takarda daga Sule, shi da kansa ya ce a matso a karanta ya ji.

Da Ɗanjuma ya dawo ba buhu, ban yi mamaki ba. Amma ba ƙuli-ƙuli, ba yaji, ba gaisuwa. Ya tsaya nesa da ni yana wasa da makullin mota.

“Malam Isiyaku ya ce in gaya maka ya ji. Ya ce Allah ya ba ka abin da kake nema.”

Nan take raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wato Hanne ta tona, Baba ya ji na koma galura, shi ne aka yanke ni har da yaji? A kan abin gwangwani? To shi ke nan, kowa ya riƙe nasa. Ga laifina na gaskiya, 'ya'yana, ku riƙe shi da kyau: ban tambaya ba. Tafiyar yini ɗaya ce, ban je ba. Ƙaramar Sallah ta zo na zauna a makaranta, babba ta zo na ce aiki ya yi mini yawa. Wata tara ina fushi da tsohon da yake can yana zaton ɗansa ya yar da shi. Har yau in na tuna watannin nan sai in ji abinci ya fita raina.

Ɗanjuma ne ya kasa haƙuri. Wata safiya ya hange ni a tasha ya sha gabana.

“Malam Sule, ni ba ruwana da maganar gidanku. Amma tsohon nan an sake kawo shi Faskari, jikin ya ƙi. Ko ka rabu da shi, ai ka je ku ga juna.”

“Na rabu da wa?”

“Kai ka rubuta, ni za ka tambaya?”

Ban koma ɗaki na ɗauki ko riga ba, na shiga motarsa. Mun isa Faskari bayan la'asar. Hanne tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta amsa sallamata don sallama ce, amma ba ta ba ni tabarma ba, ba ta ba ni ruwa ba. Matar da ta goya ni!

“Mi ka zo yi? Ka manta wani abu da ba ka rubuto ba?”

Na ce ban gane ba. Ta shiga ɗaki ta fito da takardar, ta yi laushi don ninkewa, ta aika a kira Malam Lawal. Ta ce tunda na iya rubutu, yau zan iya ji. Dattijon ya zo, ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya fara. Yana kaiwa “saboda Baba” da waccan muryar, mai sauka ta ɗago, sai na gane. Ni na rabu da Baba. Shekara biyu ina fama da Baba. Sai na manta da Baba. Kalmomina ne, ba a ƙara ba, ba a rage ba, kuma duk wanda ya san abin da na faɗa a zaure, ya san jinyar da ake yi, ba yadda za a yi ya ji wani abu daban. Na zauna a ƙasa daɓas.

“Yaya, ganye nake nufi! Wallahi tallahi ganye nake nufi!”

Ta tsaya da rariya a hannu. Malam Lawal ya sake kai takardar kusa da ido, ya motsa leɓe, ya karanta a hankali da ɗayar muryar. Sai ya cire tabarau ya ce innalillahi. Ya fara ba da haƙuri, wai shi ne ya jawo. Ba laifinsa ba ne, bawan Allah, ina zai san ana aika ganye? Hanne kuwa ta sani, amma tun da take ba ta taɓa jin wani ɗan gidanmu ya kira tsiron da sunan nan ba, ko a mafarki. Ta ajiye rariyar, ta ɗauki faifai ta maka mini a ka, ina ƙaton saurayi mai digiri, tana kuka tana dariya.

“Ɗan banza! Ban hana ka ba? Tun kana ɗan mitsitsi ban hana ka ba?”

Baba yana ɗakin baya kan tabarma, an jingina shi da filo. Ya rame ƙwarai, kuma abin da ya fara tsinka mini zuciya hannuwansa ne: shuɗin ya koɗe, fata ta fito. Ya ji duk abin da aka yi a tsakar gida. Na durƙusa gabansa. Ya daɗe yana kallona.

“Ashe ganye ka bari.”

“Ganye ne, Baba.”

“To, alhamdulillahi. Wata tara ina lissafin mi na yi wa yaron nan. Har na ce ko dukan da na yi maka ranar da ka zubar mini da toka ne ka riƙe.”

Na fashe da kuka kamar yaro. Ya bar ni na yi mai isata, yana shafa kaina. Sai ya ce, da 'yar dariyar nan tasa ta gefen baki:

“Kai ma mi ya hana ka ce ganye? Ko a makarantar taku ana karɓe kunya a bakin ƙofa?”

Na ce in ya warke mu koma Ƙanƙara tare, ni zan riƙe muciya duk hutu. Ya kawar da kai ya dubi bango. Hanne ce ta gaya mini daga bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. Bayan takardar, da ya ji sauƙi ya koma gida, ya sa an cike rijiyar da ƙasa. Shekaru yana riƙe da ita ba ciniki, yana zuba mata toka da ganye daga aljihunsa, don kawai ko Sule zai dawo. Da ya ji Sule ya manta da shi, ya ce kada wata rana akuyar wani ta faɗa. Rijiyar kakan kakanku ke nan. Yanzu shago ne a wurin, ana cajin waya. Takardata ce ta cike ta, kuma ba abin da zan rubuta da zai tone ta.

Washegari da hantsi ya ce in ba shi labarin abin da ganyen ya yi mini har na yi fushi da shi. Na kwashe duka na gaya masa, da ƙwaya da waya da allurar da ba ta tsayawa wuri ɗaya. Na zaci ba zai gane ba. Ya tambaye ni daga ina ganyen yake. Na ce Mabai, 'Yargoje, Sabuwa, duk inda aka samu. Na damina ko na kaka? Na ce ban sani ba. Sau nawa nake wankewa? Na ce sau ɗaya. Ya riƙe haɓa.

“Kai, Sule! Ganyen gona uku ka haɗa, ka bar toka a ciki, kana son shi gaya maka magana ɗaya? Ba ganye ka auna ba, datti ka auna. Shuni ake cirewa, daga kumfa.”

Ba rijiya, sai muka yi da randa a tsakar gidan Hanne. Aka samo ganyen gona ɗaya daga Mabai. Aka fito da shi inuwa yana zaune yana ba da umarni, ni ina motsawa, Hanne tana yi mini tsiya wai farfesa bai iya riƙe muciya ba. Kullum da safe a ɗebo masa ruwan a ludayi ya taɓa da harshe ya ce saura. Da ya nuna, kumfa ta taso mai ƙyalli, ya sa na riƙa kwashe ta a hankali ina tarawa a akushi. Muka shanya, muka wanke da ruwan sama, muka bari ya kwanta, muka tsiyaye, muka sake, har sai da ya ɗanɗana ruwan wankin ya ce babu sauran toka. Mako biyu muka yi. Abin da muka samu bai cika tafin hannu ba. Ranar da zan tafi ya kama hannuwana, sun yi shuɗi har wuyan hannu, ya juya su gaba da baya yana kallo, ya daɗe bai sake su ba.

Na matse ƙwaya daga shunin nan, na liƙa waya, na kunna murhu. Allura ta ɗaga a hankali, zafi na ƙaruwa tana hawa. Na rage ta sauko ta hanyar da ta bi. Washegari haka, jibi haka, ƙwaya ta biyu ma haka. Bai kai galura barin wuta ba, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma digirina a kan galura na same shi, da ita na ciyar da ku. Amma babi guda a littafin nan na shunin kakanku ne. Malamina ya ga awon ya ce in zauna in rubuta tun da zafinsa. Na ce sai na je gida tukuna.

“Ka aika musu da takarda mana.”

“Ranka ya daɗe, na tuba da takarda.”

Na same shi kan tabarmar nan dai, numfashi ya ƙara nauyi. Na durƙusa kusa da kunnensa. Na so in ce ganye, sai na ga gara in faɗi kalmomin biyu a jere, kowacce da muryarta, ya ji su daga bakina sau ɗaya. Hanne tana tsaye, a karon farko ba ta ɗauki faifai ba.

“Baba, baba ya bar wuta ta wuce.”

Ya buɗe ido, gefen bakin nan ya motsa.

“Wanne daga ciki?”

“Na cikin randa.”

“To madalla. Na kan tabarmar ma tasa wutar ta wuce tuntuni.”

Ya rasu kafin a yanke dawa a shekarar, ina riƙe da hannunsa.

In kun buɗe akwatina za ku ga takardar, a ninke, tare da wata 'yar ƙwaya shuɗiya a cikin kwalbar magani. Kada ku zubar, kada kuma jikokina su haɗiye. Kuna yi mini dariya wai tsoho bai iya waya ba, kun turo saƙo sai in kira ku, ko a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na iya sarai, muryarku nake so in ji. Wannan ma da ina da ƙarfin tara ku wuri ɗaya da baki zan faɗa, sai ga shi dole ta sa na koma wa takarda. Saboda haka ina roƙonku abu ɗaya. Ku zauna tare, babbanku ya karanta layin nan na ƙasa da ƙarfi, ya saukar da murya tukuna ya ɗago ta, yadda kuke yi in kuna kirana.

Ban taɓa rabuwa da Baba ba.